Kilinik ɗin hanta da na je Yamai: jikka 87 na kashe, ko ƙwaya ɗaya ba a rubuta min ba

Salamu alaikum jama'a. Tun da na dawo daga Yamai mutane ke tare ni kasuwa da bakin masallaci, wasu ta waya, ina ka je, nawa ka kashe, wurin ya kai a yi mai tahiya tun daga Tawa ko kuwa cin kuɗi ne kawai, to yau na zauna in faɗe shi gaba ɗaya kowa ya huta ni ma in huta. Sunan kilinik ɗin ba zan sa ba don akwai inda zan yaba akwai inda zan sara, kuma ban son a ce na taɓa abincin wani. Ta kuɗi ce dai, akwai labo ciki da ɗakin eko, kuma akwai wata lokotoro ta ciki da hanta da ke zama wurin sau biyu a sati da marece.

Bara da damina matar yayana ta zo haihuwa jini ya ƙare mata, anka ce a kawo masu bada jini, mu huɗu munka tahi. An auna kowa, ukun nan anka ɗiba, ni kuwa anfirmiyen ya jawo ni gefe ya ce malam naka ba ya yi, ka nemi lokotoro, kana da ƙwayar ciwon hanta irin B. Wallahi nan take hantar tawa ta kaɗa, dama ita ake magana. Ni da nake wuni cikin rana wurin lodin albasa, idona bai taɓa yin shawara ba, ko ciwon kai sai in yi wata shida ban yi ba, shekarata 38, a ce ina ɗauke da abin da na ji yana kumbura ciki ya kashe mutum.

Ban je wurin lokotoro ba, gaskiya ɗaya ce. Abin da kowa ke yi shi na yi. Na fara da wani mai magani da ya ba ni bidon guda na jiƙo mai ɗacin tsiya ya ce wankin hanta ne, kwana uku ina zarya makewayi, da na koka ya ce ai ciwon ne ke hita. Daga nan wani abokina ya haɗa ni da masu saida kafso ta WhatsApp, kwali mai kyau da hoton hanta tana ƙyalli, wai yana ƙara ma garkuwar jiki ƙarhi har ta kore ƙwayar cikin wata uku, jikka 45 kowane kwali, na sha uku. Na koma labo nan Tawa takarda ta hito da AgHBs, awon da ke nuna ƙwayar B cikin jini, pozitif kamar ranar farko, ko gezau. Ƙanwar matata da ke aikin sajfam ita ta ce yaya ka bar wasa da ranka da kuɗinka, ta nemo min lambar kilinik ɗin.

Randebu ta waya na ɗauka, nan ba matsala, bugu na biyu sunka ɗauka sunka ce in zo talata ƙarhe 3 na marece. Na shiga kar ta asuba ranar litinin, Kwanni, Dogon Dutsi, Doso, kilomita ɗari biyar da ɗoriya, na kwana gidan yayata, talata biyu da rabi ina bakin ƙofa. Lokotoro ba ta shigo ba sai biyar ta wuce don da sahe wani babban asibiti take aiki sai ta gama can. Wannan ban riƙe su da shi sosai ba amma ai sai a faɗa ma mutum tun a waya ya san yadda zai yi da la'asar da kuma cikinshi. Zauren jira tsab yake, akwai kilim, kujeru sun isa kowa, kuran ya ɗauke sau ɗaya gurup ya tashi nan da nan. Makewayi da ruwa da sabulu, wanda ya zagaya ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya ɓata min rai, har yau in na tuna sai na ji zahi, yarinyar da ke kan teburin karɓar baƙi ce. Da layi ya zo kaina maimakon ta kira sunana ko lambar tike sai ta ɗaga murya cikin mutane ta ce ina mai epatit B na Tawa. Zaure cike, har da wani da muke haɗuwa tasha. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta janye jikarta kamar na ce zan cije ta. Ciwon da ake fasa aure a kanshi, ake ware ma mutum kwano da kofi, shi za ki yi shela da shi kamar mai tallan ƙanƙara? Kuma ba ta jin hausa sai zabarmanci da faransanci, ni ina ɗan taɓa na lakkwal na tsira, amma wanda ya taso daga ƙauyen Adar ko bonjur bai iya ba sai ya zo da mai fassara.

Da na shiga ciki kuwa sai hushin ya sauka. Hajiya ce dattijuwa, Bazabarma, hausarta da ɗan karkace amma saƙo na isa. Ta riƙe ni wajen minti 40 ba ta duba agogo ba ko sau ɗaya. Ta tambayi mahaihiyata, ta tambayi ko cikin danginmu akwai wanda ya rasu da kumburin ciki ko kansar hanta na ce ban san da shi ba, ta tambayi ƙarin jini, ƙaho, wanzami, giya na ce a'uzubillahi ta ce malam kowa nake tambaya har liman. Sai ta ce mi kake sha yanzu. Na zaro kwalin kafson nan na aje kan tebur ina ɗan alfahari don na ga da tsada. Ta juya shi ta karanta ta dube ni ta saman madubin idonta ta ce malam, wa ya ce maka garkuwarka ba ta da ƙarhi? Na ce Hajiya ai da tana da ƙarhi da ta kashe ƙwayar. Ta yi dariya ta ce mi ne aikinka, na ce albasa, daga Galmi zuwa Kwanni har cikin Najeriya. Ta ce madalla ka san bakin iyaka ke nan, matso in nuna maka.

Ta juya bayan takardar ordonans ta ɗauki bik ta zana hanji, ta zana hanta, ta ja wata babbar jijiya tsakaninsu. Ta ce duk abin da ka ci, tuwo ne, hura ce, kilishi ne, magani ne, in ya narke ya shiga jini daga hanji, jinin nan ba ya wucewa zuciya kai tsaye, wannan jijiya ke kwasarshi ta kai hanta tukuna. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga hanta ta nan yake biyowa, sauran daga zuciya, in an haɗa wajen lita ɗaya da rabi kowane minti, dare da rana. Kuma jinin hanji ba shi zuwa shi kaɗai, cike yake da baƙi, ɓurɓushin abincin da jiki bai taɓa gani ba, gutsattsarin ƙwayoyin da ke zaune cikin hanjin kowa, wani lokaci ma ƙwaya mai rai ta silalo. Ta ce hanta ita ce duwan ɗin jiki. In duwan ya ce duk motar da ta iso baƙuwa ce a sauke kaya a cinna mata wuta, kwana nawa kasuwar Kwanni za ta yi? Na ce ko sati ba ta yi. Ta ce to da garkuwar da ke cikin hanta mai saurin hushi ce kamar ta wurin da ƙaya ta soke ka, da duk sanda ka ci tuwo sai ka kwanta zazzaɓi. Shi ya sa Allah ya yi ta da haƙuri, abin da take fara yi ma baƙo shi ne ta share dattinshi shiru ta bar shi ya wuce ba a buga gangar yaƙi ba.

Amma ta ce kar in ɗauka barci ake yi bakin bariyer ɗin. Cikin hanta jinin yana rarrabuwa cikin ƴan siraran magudanai yana tahiya sannu sannu, bangonsu da huji huji kamar rariya, kuma nan gefe wasu ƙwayoyin garkuwa ke zaune manne da bango ana ce masu Kupffer, duk ƙwayar cutar da ta biyo jini sai su cafke su haɗiye. Cikin irinsu da ke zaune dindindin a gaɓoɓin jiki, mafi yawa hanta suke. Akwai kuma wasu masu kashe duk ƙwayar jikin da ta lalace ba tare da jiran umarni ba, su ma sun hi yawa nan bisa cikin jini. Har wannan CRP da ake rubuta mana a labo in yaro na zazzaɓi, ta ce hanta ke yin shi ta watsa cikin jini in ta ji ƙanshin yaƙi wani wuri. Ni da na ɗauka aikinta kawai yin ɗaci da daɗi cikin tsire.

Sauran bayanin da dare na same shi, wurin ɗan yayata da ke karatun likita a jami'ar Abdou Moumouni. Muna shan shayi ƙofar gida na nuna mai zanen, yaron nan kamar jira yake. Ya ce kawu ai abin ya hi haka daɗi. Su Kupffer ɗin, da sunan wani Bajamushe da ya fara bayaninsu a 1876 anka sa masu, in sun haɗiye datti na yau da kullum sai su saki wani sinadari ana ce mai IL-10, ma'anarshi dai kowa ya kwantar da hankalinshi ba komi. Sannan manyan sojojin jiki da ake ce ma T, su ba su faɗa sai an nuna masu maƙiyi kuma an ba su izini, abu biyu. In a kaluluwa anka horar da su sukan samu biyun su hito da ƙarhi. In kuwa cikin hanta sunka fara ganin baƙon, sau da yawa hoton kawai ake nuna masu ba izini, har da wata alama ta dakata da ake ɗaga masu, sai su yi sanyi, wasu su gaji, wasu su mutu, wasu ma su koma masu raba faɗa. Amma in abin ya yi yawa, ƙwayoyi sunka yi ambaliya ko naman hanta ya fara mutuwa, su Kupffer ɗin da ke cewa a yi haƙuri su ne za su fara kururuwa su kira taimako daga jini. Ya ce a 1969 wani likitan tiyata a Ingila, Roy Calne, ya nuna in an dasa ma alade hantar wani alade sau da yawa jikin na karɓa ba tare da maganin danne garkuwa ba, abin da ƙoda ba ta yi, kuma har ga mutane hanta ta hi sauran gaɓoɓi sauƙin karɓuwa. Na ce ɗana ba ka samu wata dabba ba sai alade, ya ce kawu su turawa da shi sunka yi.

To ga inda maganar ta zo kaina. Hajiya ta ce inda ake haƙuri nan ɓarawo ke son kwana. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma in sauro ya zuba ta hanta take fara nufa, ta yi wajen sati ɗaya ciki tana haihuwa dubbai kai kana yawonka ba ka jin komi, sai ta fashe cikin jini sannan masassara ta kada ka. Ƙwayar B da ta C su ma haka, sun gane gidan mai kawaici sunka tare. Abin da ban taɓa ji ba kuma ya juya min tunani shi ne ƙwayar B ita da kanta ba ta cika kashe naman hanta ba, zama take ciki tana haihuwa. Ɓarnar daga yaƙi take zuwa. In sojojin jiki sunka tashi kashe ta ba su da hanyar kaiwa gare ta sai sun rushe ɗakin da take ciki, kuma ɗakin nan hantarka ce. Wannan ALAT da ake aunawa wani abu ne da ke cikin naman hanta, in ɗakuna sunka rushe sai ya zubo cikin jini, don haka in ya hau hayaƙin yaƙi ne kake gani. In yaƙin ya yi kyau an gama cikin ƴan watanni, hanta ta gyara kanta, shi ke nan. In ya wuce kima lokaci ɗaya hanta na iya tsayawa cak cikin kwanaki. In kuwa ya zama na shekara da shekaru, ba a ci ba ba a bari ba, kullum ana rushewa ana yaɓe, sai tabo ya taru bisa tabo hanta ta yi tauri ta ƙanƙance, shi ne sirroz, kuma daga nan kansa ba ta da nisa.

Ta tura min kwalin ta ce ka gani, ko dai abin nan ba ya komi, ka zubar da jikka 135, ko kuma yana da wani abu ciki da ba wanda ya sani kuma hantar nan dai za ta tace shi. Masu bincike suna nan suna neman yadda za a tada sojojin da sunka gaji ba tare da sun ƙone gidan ba, ranar da anka samu ba a WhatsApp za ka fara ji ba. Jiƙon bidon kuwa ta ce ta sha ganin waɗanda shi ya kawo su idonsu kamar ƙwanduwa.

Kuɗi yanzu, don na san shi kuke jira. Ganin lokotoro jikka 10. Awon jini na farko, ALAT da ƴan uwanshi da ƙoda da ƙirgen jini da AgHBe, wani awon ƙwayar B ɗin, da binciken ko akwai ciwon hanta irin C ko D ko sida tare, jikka 22. Sharj biral, wato ƙirga yawan ƙwayar cikin jini, shi ne mai tsadar, jikka 30. Eko 10, Fibroscan 15. Jikka 87 ke nan ban da kuɗin mota da abinci. Sun ba ni rasit na kowane, ba wanda ya ce a ba shi na goro. Fibroscan ɗin ba ciwo, ka kwanta ka ɗaga hannun dama bayan kai, a aza maka wani abu tsakanin haƙarƙari ya dinga ɗan bugu kamar ana ƙwanƙwasa kankana a ji ko ta nuna, minti goma an gama, taurin hanta yake aunawa. Mai ɗibar jinin hannunta da sauƙi, allura sabuwa gabana ta ɓare.

Inda sunka sake faɗuwa shi ne rezilta. Sun ce sati ɗaya, na koma Tawa na yi kwana 16 ina bugun waya, yau gobe yau gobe, barcina duk ya lalace, ƙarshe anka turo min hoton takarda a karkace rabi cikin inuwa. Mutumin da ke jiran ya ji ko hantarshi ta lalace ba a yi mai haka. Abin da ya ɗan wanke su, komawa ta biyu wurin lokotoro ba su karɓi ko dala ba.

Ta duba takardun ta ce sharj biral 640, ALAT 26, Fibroscan 5,1, eko ba komi, alhamdulillahi, je ka dawo bayan wata shida. Na ce Hajiya maganin fa? Ta ce babu. Wallahi sai da na ji kamar an cuce ni, mutum ya yi tahiya huɗu kan hanyar nan ya koma hannu rabbana. Ta ce malam kai jikinka da ƙwayar sun yi sulhu, ya danne ta ƙasa ba tare da yana rushe gida ba, abin da magani zai yi maka shi jikinka ke yi kyauta. Ta ce ƙa'idar da hukumar lahiya ta duniya ta sabunta a 2024, ana fara magani in ƙwayar ta wuce 2000 kuma ALAT ya hau, ko tabo ya fara yawa Fibroscan ya wuce 7, ko akwai C ko D ko sida tare, ko cikin dangi an taɓa kansar hanta ko sirroz, shi ya sa ta dame ni da tambayar dangi ranar farko. Maganin, tenofobir, ƙwaya ɗaya ce kullum kuma yana aiki sosai, amma danne ta yake ba ya tumɓuke ta don ƙwayar na barin irinta can cikin tsakiyar naman hanta inda magani bai kai, kuma wanda ya fara ya bari da kanshi ƙwayar na iya tashi gaba ɗaya sojoji su rufa mata hanta ta sha wuya. Sulhun ma ta ce ba a sa hannu kan takarda ba, yana iya warwarewa ba ka ji a jikinka ba, shi ya sa awon wata shidan nan ba wasa. A Afirka kaɗai mutum miliyan 65 ke ɗauke da ita, duniya miliyan 254 a ƙidayar 2022, mafi yawa ba su ma sani ba, ta ce kai da ka sani ka riga su.

Abin da ya sa na ƙara yarda da ita, ta matsa sai na auna gidana duka, kuma ta ce in yi a Tawa ba sai na kawo masu kuɗin ba. Ga abin mamaki, gida ɗaya kala uku. Matata negatif, amma jininta ya nuna ta taɓa haɗuwa da ƙwayar ta kore ta kuma yanzu tana da kariya, sai ta tuna shekarar aurenmu ta farko ta yi wata rashin lahiya sati biyu idonta ya ɗan yi ɗorawa anka ce shawara ce. Ashe yaƙin ke nan, kuma ta ci. Ƙanena, autanmu, mai shekara 21 pozitif, da na kawo shi Yamai ƙwayar tashi miliyoyi amma ALAT ɗinshi lahiya lau, hanta sumul, jikinshi ko kallon baƙon bai yi ba tukuna, Hajiya ta ce shi za a hi sa ma ido don ranar da faɗan zai fara ita ake tsaro. Ni kuma ga ni tsakiya. Ta ce lokacin da ƙwayar ta shiga shi ke raba hanya, jaririn da ya ɗauka wurin haihuwa cikin goma tara za ta zauna masu don garkuwarsu ba ta gama sanin ɗan gida da baƙo ba, babba kuwa cikin ɗari ko biyar ba su kai ba waɗanda take zauna mawa. Tsohuwarmu ma pozitif ta hito. Hajiya ta ce kar in kuskura in aza mata laihi, ita ma haka ta tarar, kuma tana yiwuwa ta askar wanzami ɗaya ko ƙurajen wasan yara ta zagaya gidan. Ban faɗa mata komi ba sai dai na ce lokotoro ta ce a dinga duba ta.

Ɗiyana uku duka negatif, na duba karnensu na ga sun samu Penta ta sati 6 da 10 da 14, wadda rigakahin B ke ciki, mu da anka haifa kahin a fara ta mu ne munka sha wuya. Ta ce in gaya ma ƙannena mata su auna, don mai ciki in tana da ita jaririn na buƙatar allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, in ƙwayar ta yi yawa ma a ba uwar magani tun da cikin.

Abin da ta hana ni kaɗan ne, kuma ba nama ko mai ko ƙwai ciki kamar yadda mai bidon ya ce. Gyaɗa da masara da sunka yi hunhuna, da ƙuliƙuli ko tigadige da ban san da wace gyaɗa anka yi ba, don akwai wata guba aflatoksin da in ta haɗu da ƙwayar B kansa ke saurin zuwa. Magani barkatai na bakin hanya, musamman dekza ɗin nan da ake sha don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, ta ce shi kwance ma sojoji ɗamara yake ƙwayar ta samu hili ta yaɗu, ranar da ka bari su farka su tarar gari ya cika. Reza da abin yankan farce da buroshi kowa nashi. Kwano ɗaya kuwa ta ce ku ci abinku, gaisawa da zuhwa da cokali ba su ɗaukar ta, ciwon hantar da ke bin ruwa da abinci A ne da E, irin wanda ya ɓarke Diffa a 2017. Wannan kalma ɗaya ta maido ni cikin kwanon ƴan uwana bayan wata takwas ina ci ni kaɗai.

In maki ne irin na lakkwal 14 bisa 20 zan ba su. Lokotoro ita kaɗai 19 ce, labo da tsabta ba laihi, teburin gaba da jiran rezilta su sunka ja su ƙasa, kuma duk takardunsu faransanci ne ko ɗaya ba hausa ko zabarmanci, bayanin nan da ta yi min da an buga shi a ƴar takarda da mutane nawa sunka tsira daga bidon. Wanda zai je ya fara yin ƙananan awo garinsu ya tahi da takardun, ya buga da sahe ya tambayi ƙarhe nawa lokotoro za ta shigo da gaske, ya ce rezilta a ba shi takarda ta asali, kuma ya tanadi kuɗin dawowa don tahiya ɗaya ba ta isa. Na kai ƙarar yarinyar wurin Hajiya ta ce za ta yi magana, zuwa na biyu da sunana ta kira ni, huska a ɗaure kamar na ci bashinta, amma dai da sunana.

Randebu na gaba bayan ƙaramar salla ne ni da auta. Mai kafso har yanzu yana turo min murya wai an yi promo kwali biyu jikka 70, na ɗauki hoton zanen Hajiya na bayan ordonans na tura mai na ce ya nuna min ta ina nashi ke shiga, ya buɗe ya gani yau kwana tara bai ce komi ba.